Yadda Na Biyu Ya Zama Gwamna a Vermont a 1813

Tambaya: An ce a farkon tarihin Amurka akwai jihar da aka yi zaɓen gwamna, wanda ya fi kowa ƙuri'a bai hau kujera ba, sai 'yan majalisa suka ɗauki na biyu suka ba shi. Da gaske ne? In haka ne, maguɗi aka yi ko doka ce ta yarda?

Amsa: Da gaske ne, malam, kuma ba sau ɗaya ba. Misalin da ya fi fito da lamarin fili shi ne zaɓen jihar Vermont na 1813. Gwamna mai ci, Jonas Galusha, ya fi Martin Chittenden ƙuri'un jama'a, amma da magana ta je majalisa Chittenden ya samu 112, Galusha ya samu 111. Doka ce ta kai maganar majalisa, wannan babu ja. In ana neman inda 'yan siyasa suka sa hannu, ba wajen jefa ƙuri'ar majalisar za a duba ba, teburin kwamitin ƙidaya za a duba.

Da farko a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Bayan samun 'yanci daga Ingila, jihohi da dama ba su ma bai wa jama'a zaɓen gwamna ba. A Virginia majalisa ce ke zaɓensa har 1851, a New Jersey har 1844, a South Carolina har 1865. A can babu batun wa ya zo na ɗaya a ƙuri'ar jama'a, tunda ba a yi ta ba. Jihohin arewa maso gabas kuwa, irin su Massachusetts da New Hampshire da Vermont, jama'a ke zaɓe, sai dai an gindaya sharaɗi: fin kowa ƙuri'a bai isa ba, sai ɗan takara ya haura rabin dukkan ƙuri'un da aka ƙidaya. In babu wanda ya haura, a idon doka jama'a ba su zaɓi kowa ba, majalisa ce za ta ƙarasa aikin. Tambayarka a kan wannan tsari na biyu ta faɗa.

Tsananin sharaɗin ya fito sarai a Massachusetts a 1839. An ƙidaya ƙuri'a 102,066, rabinsu 51,033 ke nan. Marcus Morton ya samu 51,034. Ya bar Edward Everett a baya da ƙuri'a wajen 300, amma ba wannan tazarar ce ta ba shi kujera ba, ƙwaya ɗayan nan da ta haura rabi ce. Da mutum biyu daga cikin magoya bayansa sun yi zamansu a gida, da majalisa ce ta yanke.

Me ya sa suka ɗora wa kansu wannan? Lokacin da aka rubuta waɗannan kundaye, na Vermont a 1777 da na Massachusetts a 1780, babu jam'iyyu tsayayyu, babu zaɓen fid da gwani, babu takardar ƙuri'a da hukuma ta buga da sunayen 'yan takara. Mutum yakan rubuta sunan wanda ya ga dama a ɗan guntun takarda ya miƙa. A irin wannan hali ƙuri'u na iya warwatsuwa kan mutum goma, wani ya zo na ɗaya da kashi ɗaya cikin huɗu. Ba su yarda irin wannan ya mulki jiha ba. Sake tara jama'a zagaye na biyu kuma aiki ne ja: wa'adin gwamna shekara ɗaya ne kacal, hanyoyi na doki da keken shanu ne, ga hunturu mai dusar ƙanƙara a bakin ƙofa. Wakilan garuruwa kuwa sun riga sun hallara wuri guda. Sai aka ga ya fi sauƙi a bar musu.

Ga yadda zaɓen ke tafiya a Vermont, kamar yadda kundin 1793 ya tsara, wanda shi ke aiki a 1813. Ranar Talata ta farko a watan Satumba mazan kowane gari sukan taru. Duk namijin da ya kai shekara 21, ya shekara a jihar, ya yi rantsuwar cewa zai zaɓi abin da ya ga ya fi alheri ba da tsoro ko son rai ba, yana da ƙuri'a. Ba a tambayar ko yana da gona ko dukiya, abin da ya bambanta Vermont da wasu maƙwabtanta. Kowa ya rubuta sunan wanda yake so ya zama gwamna, rubutu mai karantuwa, ya ba ɗan dokan gari. Ɗan doka ya naɗe ƙuri'un, ya manne su da hatimi, ya rubuta a bayan ƙunshin cewa ƙuri'un gwamna ne, sannan ya danƙa wa mutumin da garin ya zaɓa wakili a wannan ranar. Wakilin nan shi zai riƙe ƙunshin sama da wata guda, ya sa shi cikin jakarsa ya kai wurin zaman majalisa ranar Alhamis ta biyu a watan Oktoba. A can sai a naɗa kwamiti daga cikin wakilai da 'yan Majalisar Mashawartan Gwamna, a rantsar da su, su karɓi ƙunsoshin, su rarrabe, su ƙidaya, su faɗi wanda ya haura rabi. In babu, wakilai da mashawarta su zauna zaure guda su jefa ƙuri'a a asirce.

Lura da abu biyu a nan, domin su ne gishirin maganar.

Na farko, da zarar magana ta bar hannun jama'a, ma'aunin ya canja. A ƙuri'ar jama'a kawuna ake ƙirgawa. A majalisar Vermont garuruwa ake ƙirgawa, domin kowane gari wakili ɗaya yake da shi, ƙauyen kan dutse mai gidaje talatin daidai yake da Burlington ko Bennington. Haka aka yi ta tafiya har 1965. Saboda haka ba sai an yi wata rashin gaskiya ba kafin sakamakon biyu su saɓa. Jam'iyya na iya tara ƙuri'u masu yawa a manyan garuruwa kaɗan, abokiyar hamayyarta ta ci ƙananan garuruwa da yawa da 'yar tazara, ta fi ta kujeru.

Na biyu, kwamitin da ke ƙidaya ƙuri'un gwamna shi ne kuma ke ƙidaya na mashawarta goma sha biyu, waɗanda jiha baki ɗaya ke zaɓa. Mashawartan nan kuma suna cikin masu jefa ƙuri'a in aka je zaman haɗin gwiwa. Wato wanda ya riƙe kwamiti yana da ta cewa a kan ko an haura rabi, yana kuma da ta cewa a kan su wa za su zauna su yanke in ba a haura ba. Wuƙa da nama a hannu guda.

To, 1813. Amurka na cikin shekara ta biyu ta yaƙi da Birtaniya, yaƙin da aka fara a 1812. Vermont na kan iyaka da Kanada, wadda ke hannun Birtaniya, kuma cinikin mutanen arewacin jihar ta tafkin Champlain yake bi zuwa Kanada: katako, tokar da ake yin sabulu da gilashi da ita, shanu. Tun takunkumin ciniki na 1807 fasa-ƙwauri ya zama sana'a a wannan yanki. Da yaƙi ya ɓarke, gwamnatin Galusha, ta jam'iyyar Republican irin ta su Jefferson da Madison, wadda ba ita ce Republican ta yau ba, ta yi dokar hana ƙetare iyaka sai da izini. Ga haraji, ga tsayawar kasuwa, ga jiragen ruwan Birtaniya da suka zo har gaban Burlington suka yi harbi a farkon Agusta 1813, saura 'yan makonni a yi zaɓe. 'Yan jam'iyyar Federalist ta su Chittenden, masu adawa da yaƙin, suka samu abin kamfe a sama.

Aka yi zaɓe ran 7 ga Satumba, majalisa ta zauna a Montpelier ran 14 ga Oktoba. Galusha ya samu 16,828, Chittenden 16,532, sai kimanin 600 da suka warwatsu kan wasu sunaye. Jimla ta kusa 34,000, ana bukatar kusan 17,000 ke nan. Galusha na gaba da 296, amma ya gaza kai wa ga rabi da abin da bai kai 200 ba. Waɗancan ƙuri'u 600 da ba su da ɗan takara na a zo a gani, su suka hana shi. Wannan shi ne abin da masu kallon irin wannan zaɓe daga nesa kan manta: warwatsattsun ƙuri'u ba sa ƙara wa kowa, amma suna ɗaga shingen da na gaba zai tsallaka.

A majalisar wakilai 'yan Federalist suna da 'yar rata, har suka zaɓi nasu, Daniel Chipman, kakaki. Lissafin zaman haɗin gwiwa ya rataya ke nan a kan mashawarta goma sha biyun nan. A nan garin Colchester ya shigo. Gari ne da ke maƙwabtaka da Burlington, inda aka jibge sojojin tarayya. Aka kawo ƙorafi cewa sojoji waɗanda ba mazauna garin ba ne sun jefa ƙuri'a. Kwamitin ƙidaya ya yi watsi da sakamakon Colchester ɗungurungum, kuma wannan ya sa kujerun mashawarta uku suka koma hannun 'yan Federalist. Sauya kujera uku daga wannan ɓangare zuwa wancan bambancin ƙuri'a shida ne a zauren da aka tashi 112 da 111.

Shin kwamitin ya yi daidai? Ƙorafin yana da tushe a doka, domin sojan da aka kawo daga wata jiha bai cika sharaɗin zama ba. Matsalar ita ce magani. Ƙuri'un rubutun hannu ne a cikin ƙunshi guda, babu lamba, babu alamar da za ta raba ta soja da ta manomin Colchester. Ko a karɓe su duka da gurɓatattun, ko a zubar duka da na halal. Duk wanda aka ɗauka akwai wanda aka zalunta, kuma masu ɗaukan sun san sarai wa zai amfana. A ganina wannan ne ainihin raunin tsarin: an ba masu takara alƙalancin takararsu, babu wata kotu ko hukuma ta daban da za a kai ƙara.

Akwai ɗan abin mamaki na cikin gida. Galusha da Chittenden surukai ne, matar Galusha ta fari 'yar'uwar Martin ce. Mahaifin Martin, Thomas Chittenden, shi ne gwamnan Vermont na farko tun 1778, kuma wannan doka ɗin ce ta taɓa kayar da shi. A 1789, tun Vermont na zaman kanta kafin ta shiga tarayya a 1791, Thomas ya zo na ɗaya da sama da kashi 40 cikin ɗari, Moses Robinson na bin sa daga nesa da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Amma ana ta surutu a kan wata takardar mallakar fili da ya sa wa hannu domin Ira Allen, ɗaya daga cikin jagororin Vermont na lokacin, majalisa kuwa ta juya masa baya ta ɗauki Robinson. Shekara ta zagayo jama'a suka maido shi, ya zauna har shekarar rasuwarsa, 1797. Ƙofar da aka fid da uba ta nan ɗa ya shiga bayan shekara 24.

Ƙuri'a ɗayan nan ba ta tsaya a Montpelier ba. Ran 10 ga Nuwamba 1813 sabon gwamna ya fitar da sanarwa yana umartar dakarun jihar Vermont da ke Plattsburgh, a tsallaken tafki cikin jihar New York, su dawo gida. Hujjarsa ita ce dakarun jiha na kare jiha ne, ba a kai su waje a sa su ƙarƙashin hafsoshin tarayya a bar iyakar Vermont a buɗe ba. Hafsoshin dakarun Vermont ɗin suka rubuto masa amsa mai zafi suka ce ba za su bi ba. A majalisar tarayya har aka kawo ƙudurin a gurfanar da shi, ko da yake bai je ko'ina ba. Duk da haka, da sojojin Birtaniya suka nufo Plattsburgh a Satumba 1814, Chittenden ya yi kira ga 'yan sa-kai, mutanen Vermont wajen 2,500 suka haye, aka kuma yi nasara ran 11 ga wata. A zaɓen wannan shekara ma babu wanda ya haura rabi. Wannan karon Chittenden ne a gaba da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 100 ba, majalisa ta sake ba shi. A 1815 yaƙi ya ƙare, Galusha ya dawo ya yi mulki har 1820.

Massachusetts ta bi wata hanya daban, kuma ya kamata a kwatanta. A can ana ƙidaya ƙuri'u a bainar jama'a a taron gari ranar Litinin ta farko a Afrilu, akawun gari ya rubuta jerin sunaye da adadi, a manne da hatimi a gaban kowa, ya isa ofishin sakataren jiha aƙalla kwana 17 kafin Larabar ƙarshe ta Mayu. In babu mai rinjaye, majalisar wakilai ta tsamo mutum biyu daga cikin huɗun da ke gaba, ta aika wa majalisar dattawa, ita kuma ta ɗauki ɗaya. Dattawan kuwa an raba kujerunsu ne bisa yawan harajin da kowane yanki ke biya, wato kalmar ƙarshe tana wajen yankunan masu dukiya. A 1785 John Hancock ya sauka yana kukan rashin lafiya. James Bowdoin, mutumin attajiran Boston, ya samu kusan 3,500, Thomas Cushing na ɓangaren Hancock kusan 3,000, Janar Benjamin Lincoln ya kwashi sama da 1,000. Dattawa suka ɗauki Bowdoin. Shi ne na ɗaya a ƙuri'ar jama'a, babu abin cewa a nan. Amma matsin haraji da bin bashi na zamaninsa ya kai manoman yammacin jihar ga tawayen Shays a 1786, kuma a 1787 Hancock ya kayar da shi warwas.

Rubutun hannu ma ya kawo tasa fitinar. A 1806 a Massachusetts, Caleb Strong na jam'iyyar Federalist ya haura rabi da ƙyar a kan James Sullivan na Republican. Majalisa na hannun 'yan Republican, sai kwamitinta ya shiga ware ƙuri'un da aka yi kuskuren rubuta sunan Strong yana lissafa su a matsayin na wani mutum daban, domin a ja shi ƙasa da rabi maganar ta faɗo hannunsu. Jaridu suka yi ca, ganin ba a yi wa kuskuren sunan Sullivan irin wannan tsanani ba, dole aka janye aka bayyana Strong. Dabarar ɗaya ce da ta Colchester: ba sai ka ƙara wa naka ba, ka rage wa na gaba kaɗan ya isa.

Sai ciniki. In jam'iyya ta uku ta shigo, tsarin kan koma kasuwa. A zaɓen Massachusetts na 1850 George Briggs na jam'iyyar Whig ne ya zo na ɗaya, amma 'yan Democrat da masu adawa da yaɗuwar bauta suka haɗa kai a majalisa: George Boutwell ya zama gwamna, su kuma aka ba su kujerar majalisar dattawan tarayya, wadda Charles Sumner ya hau a 1851. Wani lokaci ma cinikin ba ya faɗawa. A Vermont a 1835 an jefa ƙuri'a sau 63 a majalisa ba a samu gwamna ba. William Palmer ne ke gaba a wajen jama'a, amma ya kasa haɗa rinjaye a zaure, aka gaji aka watse, mataimakin gwamna Silas Jennison ya riƙe kujerar shekara guda. New Jersey ta ga irin wannan a 1802, inda zaure ya rabu 26 da 26 tsakanin Joseph Bloomfield da Richard Stockton, John Lambert ya yi riƙon ƙwarya.

Gyara ya zo a hankali. A 1836 Vermont ta kafa majalisar dattawa a madadin mashawarta, aka kuma taƙaita zaɓin majalisa ga mutum uku da ke gaba, domin a da kundin bai hana a ɗauko ko wane ne ba. Massachusetts ta gaji da kai zaɓe majalisa kusan kowace shekara, a 1855 ta koma tsarin wanda ya fi kowa shi ya ci.

To maguɗi ne ko doka? Ɗaukar na biyu doka ce tsantsa. Kundin bai ce majalisa ta tabbatar da na ɗaya ba, ya ce ta zaɓa, kuma ƙuri'ar asiri ce, babu mai tambayar wakili wa ya jefa wa. Abin da ya faru a teburin ƙidaya kuwa ba ƙirƙirar ƙuri'u ba ne, amfani ne da hurumin da doka ta bari a buɗe, ta fuskar da za ta amfani masu rinjaye. Mai karatu a Najeriya zai ga kamar ya san matsalar, domin sashe na 179 na kundin 1999 ma bai wadatu da fin kowa ƙuri'a ba: sai ɗan takarar gwamna ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar. Bambancin shi ne in an gaza, wajen jama'a ake komawa zagaye na biyu, ba majalisar jiha ba.

Vermont dai ba ta soke nata ba har yau. Karo na ƙarshe da majalisarta ta tsallake na ɗaya a zaɓen gwamna shi ne 1853, lokacin da ta ɗauki John Robinson ta bar Erastus Fairbanks. Tun daga nan al'ada ta zama a bi wanda jama'a suka sa a gaba, ko da jam'iyyarsa ba ta da rinjaye a zaure, kuma na biyu yakan janye tun kafin a zauna. A zaɓen 2014 Scott Milne ya ƙi janyewa, tunda tazararsa da gwamna Peter Shumlin ba ta kai ƙuri'a 2,500 ba. A Janairu 2015 'yan majalisa suka jefa ƙuri'ar asiri a Montpelier, Shumlin ya samu 110, Milne 69.